Neman Itacen Logwud a Sungai Buloh

Cheras, 5:50 na asuba

Na fito da takunkumi biyu a fuska da takardar izinin 'yan sanda a hannu. Shekarata ta ƙarshe ke nan a karatun aikin lab, kuma bincikena a kan rinin da ake ɗiga wa tsokar jiki ne kafin a duba ta a madubin likita. Daga cikin bishiyar logwud ake samunsa. Annoba ta hana kaya shigowa, malamata kuwa ta ce ko in kawo itacen, ko in maimaita shekara. Babana a Zariya bai san da wannan zance ba.

Direban da na kira ta waya ya tambayi abin da zan yi a Sungai Buloh. Na ce bishiya zan gani. Muka kama hanya.

Kepong, 6:35

Shinge. Ɗan sanda ya karanta takardata sau biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya karanta. "Boleh," in ji shi, wato an yarda. Kilomita goma sha ɗaya suka rage.

Sungai Buloh, 7:10

Mai gonar da aka ce mini akwai bishiyar a cikinta dattijo ne, Pakcik Rosli. Pakcik kamar a ce kawu. Ya tsaya nesa da ni ya auna zafin goshina, sannan ya kai ni bayan gida, inda ruwa ke kwanciya. Ga bishiyar nan: gajeruwa, jikinta duk kwarmi, ga ƙaya, ganyenta ƙanana. Ya ce daga iri aka tayar da ita, laka take so da rana, kuma sai ta haura shekara goma cikinta ke yin ja.

"Taka shekararta nawa, Pakcik?"

"Sha uku."

Na yi hamdala.

"Amma ba na sara fa, 'yata. Marigayiya matata ce ta dasa."

Na tsaya ina kallon bishiyar. Ya ce in ci abinci tukuna. Na ci shinkafar kwakwa da barkono, ban ji ɗanɗanonta ba. A nan na lura rigarsa launin shunayya ce, haka tawul ɗinsa, haka duk kayan da ke kan igiya. Na tambaya. Ya ce ai farare ne. Iska ce ta karya reshe watan jiya, ya faɗa ramin ruwan da yake wanki da shi, bayansa kuma ba ya barinsa ɗaga nauyi.

Na naɗe hannun riga na shiga na ciro shi. Reshen ya kai kaurin cinyata, cikinsa ja wur. Ya ƙi karɓar komai, ya ce ni na yi masa aiki.

Komowa, 11:20

A Kepong ɗan sandan ɗazu ya leƙa but ɗin motar.

"Saboda makamashi kika tsallaka gari?"

"Na makaranta ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi hannuwana da suka rine har gwiwa, ya fesa mini sanitaiza, ya ɗaga shinge.

Na iso gida sha biyu da kwata. Ba ni da wata tukunya, sai na dafa jan cikin itacen a ta shinkafa. Rinin ya kama, malamata ta sa hannu. Na gode wa Allah, na gode wa Pakcik, da kuma Rahila abokiyar zamana, wadda ta yi mako guda tana cin shinkafa shunayya ba tare da ƙorafi ba.