Kawu Habu da Direban da Ya Ƙi Hawa

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Habu kwamfuta a ɗakin gwaji na jami'a, nan Wudil, ya san ba ya sa mata hannu sai ya tambaya: "Me ta ce?" In ka ce kawai ta ƙi yi, sai ya zare tabarau ya dube ka kamar ka taka masa sallaya. Wai kwamfuta ba ta ƙin aiki a shiru, tana faɗin abin da ke damunta, mu ne ba mu da kunne. Dole ka karanto masa saƙon da ƙarfi, ko da ɗakin cike yake da jama'a. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci, amma wallahi ban tsira ba.

Kalmar da ya tsana ita ce fomatin, wato share duk abin da ke cikin kwamfuta. Bitrus, abokin aikinsa mutumin Filato, ya taɓa cewa a goge wata kwamfuta a huta. Kawu ya tambaye shi ko in akuyarsa ta yi tari yanka ta yake yi. Bitrus ya ce a garinsu, ƙwarai kuwa. Kai, aka yi kwanaki Kawu ba ya amsa gaisuwarsa, amma kullum sai ya ajiye masa rabin gurasarsa a tebur.

Ga tsimi kuma! Ranar Juma'a mutane na kasuwa neman shanu, shi yana can da buhu yana tsintar gawar kwamfuta. Da matarsa Inna Rabi ta yi ƙorafi, ya ce ba mutuwa suka yi ba, suma ce. Ta ce to su farfaɗo su matsa mata, ba ta da wurin kife tukwane.

Nawa labarin ya zo ne a shekarata ta ƙarshe a jami'ar. Na haɗa na'urar auna laimar ƙasa don masu noman rani a Lajawa, kuma in ba ta yi aiki a gaban masu jarrabawa ba, sai na maimaita shekara. Ana gab da ranar, Linux ɗina, tsarin da ke tafiyar da kwamfutata, ya sabunta kansa, direban na'urar, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ya ƙi hawa. Na shiga wurinsa da hawaye, shi kuwa sai da ya gaishe ni har kajin gidanmu.

Na karanto masa: "Unknown symbol in module." Ya ce direban ne ya yi sallama a zauren kenel, uwar manhajar da ke riƙe da komai, yana kiran sunaye ba mai amsawa. Ya ƙi taɓa madannai, ya ce ni zan buga. Muka buɗe bayanan kenel muka ga sunayen, muka bi diddigi har muka gano suna cikin wani direban da ya kamata ya riga hawa.

"Uwata, kin tura ƙani ya shiga gaban yayansa," in ji shi. "A gidanku haka ake yi?"

Na ɗora yayan, duk sunayen suka amsa ban da ɗaya. Na ce mu dawo da tsohon kenel, na kafin sabuntawar, mu huta. Ina! Ya ce masu jarrabawa za su tambaye ni dalili, kuma gudu ba amsa ba ne. Ya sa na sake gina direban a kan sabon kenel, na yi kuskure, na sake, yana gefe yana ɓare gyaɗa har la'asar. Da lambobin laima suka fara fitowa sai ya ce in tashi masa daga kujera. Kuma abin haushi, tambayar da aka yi mini ke nan, na amsa ta tsaf, na wuce.

Sai a zaman makokinsa Inna Rabi ta gaya mini cewa ranar da na je masa, ranar ce likita ya ba shi a Kano, kuma direban mota ya gaji da jira ya tafi. Kawu ya ce mata likita zai iya ba shi wata rana, amma yarinyar nan ba za a ba ta wata ba. Ban taɓa sanin ba shi da lafiya ba, balle in yi masa godiyar da ta dace. Na gode, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da wunin nan da ka ba ni.