Goron da Na Kai wa Baba Okeke a Banyo

Shekara ashirin ina koyar da littafin nan a lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, wanda wani marubuci Ibo ya rubuta kan yadda 'yan mishan da jami'an Turawa suka shiga ƙauyen kakanninsa, al'ada ta watse. Da Faransanci nake koyar da shi. Na ce sai na mayar da shi Hausa kafin in mutu, amma abu ɗaya ya tsaya mini: addu'ar da Ibo ke yi kafin su fasa goro. Ina so in ji ta daga baki. Mutum ɗaya na sani, Baba Okeke, abokin marigayi babana, mai sayar da kayan mota a Banyo.

Garwa zuwa Gaundare

Ƙarfe biyar da kwata na asuba motarmu ta tashi, ina rungume da ƙullin farin goro. Sau uku jandarmomi suka sauke mu duba katin shaida. Ɗaya ya shinshina ƙullin ya ce, "Biki za ka, Malam?" Na ce kusan haka. Sha ɗaya muka isa, na ci tsire da shayi, na kwana gidan wani mahauci ɗan unguwarmu.

Gaundare zuwa Banyo

Kai, wannan hanya! Bayan Tibati taya ta fashe sau biyu. Direba ya ce, "Malam, a nan ba a tambayar awa, sai dai rana." Da la'asar ta kashegari muka shiga.

Banyo

Na tarar da tsohon a kujera, ya rame. Ya kwance ƙullin, ya fasa ɗaya, ya yi dariya har da tari.

"Ɗan Alhaji, wannan ai goronku ne, ɓari biyu. Wannan na ci ne kawai. Namu hannun ruwa ne, mai ɓari huɗu. Shi ake yi wa addu'a."

Wallahi kunya ta kama ni. Shekara ashirin ina gaya wa ɗalibai goro goro ne. Da safe na hau babur, na zaga kasuwa har na samo uku wajen wata tsohuwa.

Da na kai wa Baba Okeke, ya ɗaga ɗaya sama, ya fara addu'ar da Ibo. Kalma huɗu ko biyar, sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri ɗaya. 'Yarsa ta leƙo ta ce masa da Faransanci fasto ya hana wannan abu a gidan.

"Ba faston ba ne," ya ce mini. "Addu'ar ce ta tafi. Shekara arba'in ba wanda zai amsa mini amin da harshenmu." Ya miƙo mini goron bai fasa ba. Hawaye na gani a idonsa.

Komawa

Kwana biyu a hanya, littafin rubutuna fari fat. Ina godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da mahaucin Gaundare, da Baba Okeke. Amma raina ya mutu da fassarar nan. A ƙofar gida jikata Hajara ta tarye ni, na ce mata da Hausa, "Ga tsaraba, goro ne na mutanen littafina." Ta juya wajen uwarta, ta tambaya da Fillanci me kaka yake cewa.