Sunan Mai Rijiyar Yamma

Inna Ikilima maƙwabciyata ce a ƙauyenmu da ke gabas da Kiyawa. Daddawa take yi tun tana amarya, kuma har yau matan gari ba sa sayen ta wani in tata ba ta ƙare ba. Mijinta mahaƙin rijiya ne. Shi ya haƙa rijiyar yamma a shekarar fari, gaba ashirin da biyu, da shi da jakinsa. Ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ita kuwa irin matan da ce: tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam kawai take cewa.

Shekara uku baya wani malamin tarihi, Dakta Nehemiah, ya zo daga Dutse yana rubuta littafi a kan tsofaffin rijiyoyin ƙasar nan. Mutumin Filato ne, Hausarsa tas. Ranar kasuwa ce, maza duk mun fita, sai aka kai shi wurin Inna Ikilima. Ta ba shi labari har da yadda igiya ta taɓa tsinkewa. Da ya tambayi wanda ya yi aikin, ta sunkuyar da kai ta ce Malam ne. Ya sake tambaya, ta sake faɗin haka. Shi kuwa ya ɗauka mantuwa ce ta tsufa.

Bara littafin ya fito. 'Yarta Zulfa, da ke koyarwa a Jahun, ta sayo ta karanta mata. Ga hoton rijiyar, ga gaba ashirin da biyu, ga ma jakin. Amma an rubuta cewa wani malami ne ya haƙa, wanda ba a tuna sunansa ba.

Makon nan dai Inna Ikilima ba ta yi daddawa ba.

Zulfa ta nemi lambar Dakta. Ya ba da haƙuri sosai, ya ce za a sake buga littafin, zai gyara. Zulfa na shirin faɗa masa sunan a waya sai uwar ta ɗaga mata hannu, ta ce a roƙe shi ya zo.

Ya zo wata Asabar da hantsi. Muka zauna a zaure, ita tana daga bakin ƙofa. Na ce mata in ta yarda ni sai in faɗi sunan, ai tare muka tashi da marigayin.

"A'a," ta ce. "A bakina ya ɓace."

Dakta ya buɗe takardarsa yana jira. Ta daɗe tana gyara bakin mayafi.

"Uwaisu," ta ce. "Uwaisu ɗan Albarka."

Ya rubuta, ya maimaita mata don ya tabbatar. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta koma wurin tukunyar kalwa da ta bari a kan wuta.