Idan Keke Ya Tsaya

Shekara talatin da huɗu tana ɗinki a ɗaki guda, wanda tagarsa ke kallon titi. Maƙwabta suna ce mata Mai Ɗinki. Mijinta kuwa Alƙali yake ce mata, kuma ba da wasa yake faɗa ba.

Mijin nan shi ne Tsinke, mai barkwanci. Idan ba ka san sunan ba, to kai yaro ne, ba laifinka ba ne. A zamaninsa shi kaɗai yake hawa dandamali, ba makaɗi ba mawaƙi, daga shi sai makirufo, ya riƙe zaure guda awa biyu cur, mutane suna dariya har da faɗuwa daga kujera. Direbobi kam sun saurari kasetinsa har sun haddace.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, babu labarin da ya taɓa kaiwa gabansu sai da ya fara bi ta ɗakin ɗinki. Zai tsaya a bakin ƙofa, ita tana kan keken ɗinki tana aikinta, ya fara zuba. Ba fuskarta yake kallo ba, don ya ce kowa ya iya washe baki. Keken yake saurare. Idan magana ta kama ta da gaske, ƙafarta kan zame daga matakin, keken ya tsaya cak. Wannan labarin ya ci. Idan kuwa keken ya ci gaba da ƙararsa, sai ya zaro biro ya soke labarin, ko da ya yi wata yana sassaƙa shi. Kuma ba ta da sauƙi, wallahi. Ta taɓa ɗinke labulen gida guda yana tsaye yana zufa, ko gezau ƙafarta ba ta yi ba. Ya yi kwana biyu yana cin magani, amma ya sani sarai taurin kan nan nata ne ya kai shi inda ya kai.

To, zamani ya juya. Gayyata ta ragu, ta ragu, har ta ɗauke. Tsinke ya yi tumbi, ya koma tsaron wani shagon kayan gini. Amma duk yamma sai ya zo bakin ƙofar nan da wani labari, sabo ko tsohon da ya yi wa kwaskwarima. Shekara shida da suka wuce ya yi wata doguwar jinya. Ranar da ya fara miƙewa, ya dafo bango ya zo, muryarsa tana rawa, ya ba ta wani labari mara gishiri. Ta dube shi, tausayi ya kama ta, ta ɗaga ƙafarta da gangan. Kai, ka ga yadda fuskarsa ta washe! Tun daga ranar take ɗagawa. A ganinta ƙarya ce ta cikin ɗaki, ba inda za ta je.

Ashe ƙaryar za ta fita. Autarsu, wadda ke aiki a ofishin wani kamfanin ruwan roba, ta shigo wata rana tana tsalle. Kamfanin zai yi liyafar cika shekara ashirin da biyar, ita kuma ta sa baki har an ba Babanta minti ashirin bayan cin abincin rana, a gaban ma'aikata sama da ɗari biyu. Tsinke ya rasa inda zai sa kansa don murna. Mai Ɗinki ta ce Allah ya sa alheri, amma hankalinta bai kwanta ba.

Sati biyu ta yi a haka. Ya zaƙulo manyan labaransa na da: na layin masu jiran wayar kan titi, da na matar da ke koyon tuƙi. Ita kuwa tana zaune da 'yan mata masu kawo ɗinki kullum, ta san abin da ke ba su dariya, ta san ba wannan ba ne. Wace ce a cikinsu ta taɓa ganin rumfar waya, balle ta san haushin wanda ya shiga ya ƙi fitowa? Maganar da yake rufe labarin wayar da ita, "Malam, gaisuwa ce ko wa'azi?", yanzu kowa faɗinta yake yi, har yaran makaranta, ba wanda ya san daga bakinsa ta fito. Masu kwaikwayonsa sun tsotse ta tas. Ga shi Auta ta taɓa faɗa mata cewa manajarsu mace ce, kuma da kanta take jan motarta.

Sau ɗaya ta yi ta maza. Ya kai ƙarshen labarin tuƙin, ta bar keken yana gudu. Ta ɗago ta ga leɓensa yana motsi, biro a hannunsa.

"Alƙali, ba ki ji ba ne?"

"Ƙarar keke ce ta hana ni. Sake faɗa."

Ya sake, ta ɗaga ƙafa. Ta tsani kanta a wannan lokacin, amma ta ɗaga.

Ta ja Auta gefe, ta ce ko za a rage masa lokacin, ko a ce ya yi gaisuwa kawai ya sauka.

"Haba Mama, ke ma da tsoro! Ai Baba ya ce duk kin amince da su. Ya ce tunda keke ya tsaya, magana ta ƙare."

Ranar sai da ta farke hannun riga guda sau biyu.

Ranar liyafa aka zaunar da ita a tebur na uku, kusa da Auta. Tsinke ya hau dandamali cikin kwat ɗin da ta buɗa masa da hannunta, aka tafa, ya fara. Muryarsa tana nan daram, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sai dai yana da wata al'ada ta tsofaffin gwanaye: ya san daidai inda dariya take tashi a kowane labari, sai ya dakata a wurin, ya gyara wuyan riga, ya ba ta hanya. Ya dakata a wuri na farko. Tsit, sai ƙarar cokula. Ya dakata a na biyu, wasu suka sunkuya kan wayoyinsu. Da ya zo ƙarshen labarin rumfar waya, wani saurayi a baya ya riga shi faɗin maganar, ba ma da mugunta ba, don dai ya san ta. Mai Ɗinki ta ji wata a teburin kusa tana raɗa cewa wannan ai tsohon zance ne, ko a ina tsohon ya kwafo shi.

Sai ya shiga labarin tuƙin. Wayyo! Duk zauren ya juya yana satar kallon manaja, ita kuma ta kafe idonta a kan kofin da ke gabanta. Auta ta sunkuyar da kai, ta damƙe gefen tebur. Bai kai ƙarshe ba wani ya fara tafi, saura suka bi, irin tafin nan na a taimaka wa mutum ya sauka.

Da suka isa gida ya cire kwat ɗin ya rataye, ya zauna a bakin gado.

"Tun yaushe?" ya ce.

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. "Tun jinyarka."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Kwana tara bai taka bakin ƙofar ɗinki ba. A na goma ya zo neman almakashi. Yana tsaye yana jira, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, wai a cikin mutum ɗari biyun nan ba wanda ya ba shi haɗin kai sai wani cokali da ya faɗi ƙasa daidai inda ake dariya, har ya so ya sauka ya tambayi cokalin ko yana da 'yan'uwa.

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta yi shekaru ba ta yi ba, har da hawaye. Ƙafarta ta zame, keken ya tsaya.

Ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta.

"Wallahi wannan ta gaske ce," ta ce, tana share ido. "Na rantse maka."

"Wataƙila," ya ce a hankali. "To ni yanzu da me zan gane?"

Ya ɗauki almakashin ya fita.