Ɗantani da Jakinsa Auraki

A shekarun da ake dalar gyaɗa a Kano, duk wanda ke cin kasuwar Wudil ya san Ɗantani mai dakon tukwane. Shi ba ya gini. Mata su gina, su gasa, shi ya jera a raga da ciyawa, ya ɗora wa jakinsa Auraki, su nufi Kausani ko Ɗankaza. Ba a taɓa ganin sanda a hannunsa ba. In Auraki ya tsaya, shi ma sai ya tsaya, ya ce ai da dalili.

Tare suka tsufa. Haƙoran jakin suka cinye, kaya ya gagare shi, Ɗantani ya ajiye shi a gida yana jiƙa masa dusa. Shi kuma Ɗantani yanar ido ta rufe masa gani, har ya koma gane mutane da murya. Ɗansa da ke birni ya aiko a kawo shi asibiti a kankare. Ɗantani ya ce to, amma bai tashi ba. Matarsa ta rasu, gidan daga shi sai jakin.

Bazara ce, lokacin kai taki gona, kowa na neman jaki. Da labari ya bazu cewa yana neman inda zai bar Auraki, masu son taimako suka yi yawa.

"Baba, kawo shi gidana," in ji Isyaku maƙwabcinsa. "Kamar ɗana zan riƙe shi."

Ɗantani ya yi godiya. Washegari ya dogara bango ya je gaishe shi. Suna gaisuwa, ana lafiya, ana ya zafi, ya iyali, hannunsa yana kan jakin Isyaku. Ya zura yatsu ƙarƙashin akumari, ya ji gyambo ɗanye. Ya goge hannu a riga, ya ce, "Allah ya yi albarka, zan yi shawara."

Haka ya yi ta bin gidaje. Wani jakin gyambo, wani haƙarƙari a waje, wani kuwa da ka ɗaga hannu sai ya kauda kai. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya ji ba.

Mutum ɗaya ne bai yi tayi ba, Gwadabe taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba tsiya. A bakin kogi suka gamu, Gwadabe yana shayar da tasa jakar.

"A'a, makaho! Har yanzu ba ka sayar wa mahauta wannan kakan naka ba?"

"Kai za su fara saya, ka fi shi taurin fata."

Ɗantani ya lalubi jakar don ya dafa. Bayanta sumul. Ya bi ƙafa ya ɗaga, kofato a gyare. Jakar ta juyo ta sa hanci a aljihunsa.

"Me take nema?"

"Ɓata ta aka yi," in ji Gwadabe, yana kauda kai. "Yara ne."

"Yaran da ka aurar tuntuni?"

Da la'asar Ɗantani ya ja Auraki zuwa gidan Gwadabe. Ya hau bayani: dusa a jiƙa, kada a ɗaure shi a rana.

"Sai in shimfiɗa masa tabarma, in yi masa fifita?" Gwadabe ya karɓi igiya. Can ya rage murya. "Ta wane ɓangaren yake tauna?"

"Hagu."

Ɗantani ya daɗe a birni, har aka yi shuka. Ido ɗaya ya buɗe. Da ya sauka daga mota bai bi ta gidansa ba. Daga zauren Gwadabe ya yi sallama, Auraki ya amsa daga ciki kafin mai gida.

Maƙwabta suka ce Gwadabe ya makara da taki a bana. An ce masa ya ɗora wa tsohon ko rabin mangala ne, ya ce ba nasa ba ne.

Gwadabe ya fito da Auraki. "To, tunda kana gani, dubi muninsa."

Ɗantani ya riƙe fuskar jakin da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Ashe ka yi furfura haka," ya ce.