Malama Maɓalli da Ɗakin Ƙarshen Baranda

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, kafin masu shara, kafin shugaban sashe da sa'o'i uku cur. Ɗakinta na can ƙarshen baranda a hawan ƙasa, bayan an wuce ofisoshin masu manyan digiri da labulayensu, dab da inda ake ajiye janareta. Idan ta shiga sai ta fara da gado: ta yaye zanin, ta sake shimfiɗawa, ta girgiza ƙarfen gefe ta ji ko ya saki. Daga nan ta duba masai na zama da aka girke a kusurwa, wanda ba a taɓa haɗa shi da ruwa ba, sai murhu, sai keken ɗinki, sai kantar cokula. Cokulan sun haura arba'in, kowanne da irin mariƙinsa. Wani an naɗe shi da robar tayar keke ya yi kauri, wani an lanƙwasa masa wuya, wani an sa masa maɗauri da zai zagaye tafin hannu. A ƙarshe ta sauko da riguna goma sha biyu daga ƙusa ta duba maɓallan kowace. Shekara talatin da ɗaya tana wannan, kuma a ƙarshen watan jiya jami'a ta sallame ta.

Ɗalibai Malama Maɓalli suke ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya a gabanta, tunda ta ce sunan bai yi ƙarya ba.

Fannin da ta koyar yana da wuyar bayani a taron dangi. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin mota, likita ya ceto ransa, masu gashin ƙashi su motsa masa gaɓoɓi, a sallame shi. Ya koma gida da ransa, amma ba ya iya kai cokali baki, ba ya iya shiga banɗaki shi kaɗai, balle ya koma shagonsa. A nan aikin ɗaliban Malama ke farawa: su koya masa ci da sha, wanka, sa tufafi, riƙe almakashi ko alƙalami, da ɗan abin da ya rage masa na jiki. Jami'a digiri sukutum take bayarwa a kan haka. Dangin Malama kuwa har gobe idan aka tambaye su cewa suke tana gashin ƙashi. Ta daina gyara musu tun kafin ta yi furfura.

Duk wanda ya bi ta sashen nan ya san Litinin ta farko a aji uku. Shekara biyu sun yi suna haddace sunayen jijiyoyi, sun fara tafiya kamar likitoci. Ranar sai Malama ta jera su, ta ɗaure wa kowa hannunsa na dama a ƙirji da bandeji, ta miƙa masa riga mai maɓalli bakwai. Ba kwancewa sai ƙarfe huɗu na yamma.

"Malama, ni fa likitanci na nema aka cillo ni nan," in ji wata ɗaliba wata shekara. "Yanzu kuma a ɗaure ni kamar akuya?"

"Akuya ba ta da maɓalli, 'yata. Ke kina da bakwai. Fara daga ƙasa."

"Idan fitsari ya kama ni fa?"

"Shi ne darasin ƙarfe goma sha ɗaya."

Ɗalibar nan yau ita ke riƙe da wannan aiki a wani babban asibiti. Ta ce duk takardun da ta rubuta a jami'a sun bi iska, amma ba ta taɓa manta yadda ta tsaya a banɗaki tana kokawa da zariya da hannun hagu, hawaye na zuba, 'yan aji ɗaya na buga mata ƙofa.

Labarin da ya fi yawo shi ne na jarrabawar aiki ta wata shekara. Akwai wani ɗalibi, kwanya ce zalla, bai taɓa zuwa na biyu ba. Aka haɗa shi da wani dattijo tela da hannun damansa ya mutu, aikinsa ya koya masa sa riga. Komai ya tafi daidai har maɓalli na shida. A na bakwai, na wuya, dattijon ya yi ta fama, yatsunsa na rawa, gumi na ɗiga, mintuna na tafiya. Ɗalibin ya sunkuya cikin ladabi ya ce, "Baba, kawo in ƙarasa maka." Ya ɓalla masa. Dattijon ya yi godiya har da addu'a. Malama ta kayar da ɗalibin.

Sashe ya ɗauki zafi. Aka kira ta gaban manya.

"Malama, yaron nan tausayi ya nuna. Tausayi laifi ne?"

"Ranka ya daɗe, gobe da safe yaron zai bi telan gida ya ɓalla masa?"

"Maɓalli ɗaya fa muke magana."

"Shi kaɗai telan ya zo nema. Sauran shidan ya iya su tun makon jiya."

Ba ta canza makin ba. Ɗalibin ya maimaita, ya ci. Telan kuwa ita da 'yan ajin suka bi shi shago, suka ɗaura masa katako a teburin keke mai danne yadi a madadin hannun da ya mutu, ya koma ɗinki har ƙarshen ransa.

Ke ce, Malama, kika koya wa 'ya'yan mutane abin da ba ya cikin tarbiyyar gidajensu: su ga dattijo yana wahala su maida hannuwansu baya. Ke ce mai tsayuwa a gefen gado, mai haƙurin kallon cokali yana zubewa sau tara don ganin na goma ya isa baki.

Ba a makaranta kawai ta yi haka ba. Shekara takwas da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya shigo mata har gida, ya kama maigidanta, tsohon direban motar haya, mutumin da bai taɓa bari a buɗe masa ƙofa ba. Ƙanwarsa ta zo dubiya ta tarar da shi zaune bakin gado da riga a karkace, ya fi rabin awa yana neman hannun riga, Malama tsaye da hannu a baya.

"Anti, ki ji tsoron Allah. Mijinki ne fa, ba ɗan makarantarki ba."

"Da ɗan makarantata ne da tuni na kayar da shi."

Maigidan ya ɗago da bakinsa da ya karkace ya ce wa ƙanwar, "Ƙyale ta. Shekara ashirin ina jin labarin muguntar nan a bakinta, yau ta zo kaina."

Ƙanwar ta fita tana kuka, ta zaga dangi da labarin matar yaya mai zuciyar dutse. Babbar 'yar Malama ce kaɗai ta san cewa uwar kan shige kicin bayan kowane darasi ta kunna famfo don kada a ji ta. Yau maigidan shi ke aske gemunsa da kansa. Dangi sun ce ikon Allah ne, kuma gaskiyarsu, sai dai ba wanda ya koma ya janye maganar dutsen.

To, me ya sa mace irin wannan ta yi ritaya a matsayin da ta shiga da shi? Takarda. Malama difloma gare ta, tun zamanin da babu digirin fannin a kusa. Sau huɗu tana neman hutun ƙaro karatu, sau huɗu ana maido mata da amsa iri ɗaya, cikin yabo: babu wanda zai riƙe ɗakin gwaji idan ta tafi. Waɗanda ta koyar suka yi ta tafiya suna dawowa da digiri na biyu da na uku, suna wuce ta a baranda suna amsa gaisuwa da ka. Ɗaya daga cikinsu shi ne shugaban sashe na yanzu, farfesa, wato ɗalibin nan na maɓalli na bakwai. Kada mai karatu ya yi zaton ramuwa. Ramuwa sai an tuna, shi kuwa farfesa harkoki sun yi masa yawa.

Bara masu tantance kwasa-kwasai suka zo. Ƙa'idarsu ta ce duk mai koyar da 'yan digiri sai ya mallaki digiri na biyu. Ana gobe za su iso farfesa ya kira ta ofis, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi.

"Mama, wata 'yar alfarma ce. Gobe da jibi ki ɗan huta a gida."

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe."

"Na sani. A takardar da muka tura mai kula da kaya muka rubuta ki. Kada su yi tambayar da za ta rikita mu."

"Kayan ai sun san ni. Wa zai nuna musu ɗakin?"

"An shirya."

Ta huta. Wani malami mai digiri uku ya zagaya da baƙin, ya ɗaga cokali mai lanƙwasasshen wuya ya ba su haƙuri cewa ɗalibai ne suka lalata shi. Duk da haka ɗakin ne ya fi komai maki a sashen. An buga hotonsa a bangon littafin tallar jami'a, babu kowa a ciki.

Da ritaya ta matso, Malama ba ta roƙi lambar yabo ba, ba ta roƙi ƙarin shekara ba. Abu ɗaya ta nema, a rubuce, har sau uku: a bar ɗakin yadda yake, a damƙa shi ga mataimakiyarta, wata matashiyar malama da ta yi shekara shida tana horarwa, mai digiri biyu, don kada a sake cewa takarda. Ta ji ƙishin-ƙishin cewa ana son wurin a zuba na'urori, ɗalibai su riƙa kallon sa riga a bidiyo.

Aka yi mata walimar bankwana a babban zaure. Farfesa ya yi jawabin minti arba'in, talatin a kan makomar sashe, biyar a kan tafiyarsa ƙasashen waje. Ya kira ta uwa, ya kira ta ginshiƙi, aka miƙa mata agogon bango. Da aka ba ta abin magana ta gode wa Allah, ta gode wa masu shara, sannan ta juya.

"Ranka ya daɗe, ɗakin fa?"

Farfesa ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a gaban surukai.

"Mama ke nan. An kafa kwamiti."

Kwamitin bai taɓa zama ba, amma ya yi aikin da ya fi na kowane kwamiti sauri a tarihin jami'ar. Ranar Litinin da safe mataimakiyar ta zo ta tarar da masu fenti a ciki. Gado da masai da murhu da keke an jibge su ƙarƙashin matattakalar bene, cokulan a cikin bokitin fenti. Ta kira Malama a waya.

"Mama, sun fitar da mu."

"Gadon ya karye?"

"A'a."

"Ƙarƙashin benen zai ɗauki mutum nawa?"

"Shida, in an matsu."

"To raba ɗaliban gida huɗu. Ina zuwa."

A nan ake darasin yanzu. Ɗalibai shida na sunkuye ƙarƙashin bene, sauran na jiran layi a baranda, takalman manya na wucewa a bisa kawunansu zuwa ofis. A sabon ɗakin na'urori ashirin ne a lulluɓe da leda, ana jiran a haɗa wuta. Malama na zuwa Talata da Alhamis. Tunda an karɓe katinta na ma'aikata, sai ta tsaya a bakin ƙofar jami'a ta cike littafin baƙi. Maigadin, wanda ita ta koya wa mahaifiyarsa riƙe kofi, kullum sai ya kau da kai yake miƙa mata biro. A gurbin dalilin zuwa takan rubuta: ziyara.

Malama, ɗakin ya tafi, kuma ba za mu yi miki ƙaryar cewa zai dawo ba. Ke ce kika ba shi karatunki sau huɗu, aka karɓa da godiya, sannan aka ce ba ki da karatun da za ki tsaya a cikinsa gaban baƙi. Mun gode, a madadin tela da direba da ɗaruruwan da yau suke rufe ƙofar banɗaki ta ciki da hannunsu, waɗanda yawancinsu ba su ma san akwai ki ba. Allah ya biya ki, shi da ba ya neman takarda.

Matasan malamai da ɗaliban wannan fanni, ku yi koyi da ita a aiki, ku je ku ga yadda ake yi tun tana da ƙafar zuwa. Kada dai ku yi koyi da mu wajen sakayya. Manyan da ke hawa benen nan kullum kuwa, ba mu roƙe ku komai ba, mun ga abin da roƙo ya haifa. Ku dai riƙa taka matattakalar a hankali. Ana karatu a ƙasa.