Wasila, Ban Sami Cewa Ki Yafe Ni Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Asabar, 14 ga Yuni 2025, aka kira ni a waya aka ce Wasila Mamman Sani ta rasu a Birnin Ƙonni, bayan jinyar kwana biyu kacal.

Wasila, shekara huɗu kina sakatariyar aikinmu na gwada famfunan da ke jan ruwa da hasken rana a garaken albasa. Mu injiniyoyi ake ɗauka hoto, amma ke kike rubuta takardar izinin tafiya, ki nemo mota, ki sanar da maigari. Kin san ranar kasuwar kowane ƙauye daga Dogarawa har Tajaye, kin san gidan da aka yi rashi, har ki tuna mana mu fara da gaisuwa kafin mu fito da na'urorin awo. Lokacin da matata ta haihu ina can daji, ke kika kwana biyu kina kai mata abinci.

Ranar Larabar ƙarshe da na gan ki, na tarar kin ɗage tafiyarmu ta Alela ba tare da kin tambaye ni ba. Kika ce, "Injiniya, an yi ruwa jiya. Kowa na gona wajen shibka, ba ka iske kowa gari."

Ni mai saurin fushi ne, kowa ya sani. Na ɗaga murya a gaban mutanen buro, wato ofishinmu, na ce aikinki buga takarda ne, ba tsara mini bincike ba. Sai kika buga takardar tafiyar kika miƙo mini da hannu biyu.

Na je Alela ranar Alhamis. Daga tsofaffi sai awaki na iske, maigari ma yana gona. Na dawo da kunya, girman kai ya hana ni leƙa buro. Na ce a raina ranar Litinin zan ba ki haƙuri. Ashe a lokacin har kin kwanta.

A wurin zaman makoki, mijinki Malam Isufu ya shaida mana kin yafe wa kowa kafin ki cika. Na ja shi gefe na tambaye shi ko kin ambaci sunana. Ya ce, "A'a, Injiniya. Cewa ta yi ƴan buro ba su cikin zancen, don babu wanda yat taɓa ɓata mata rai can."

Wallahi da kin kai ƙarata, da ya fi mini sauƙi. Na kasa ɗaga kai na dube shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Isufu, da mahaifiyarki Inna Zulai, da ƴaƴanki Latifa da Mustafa. Allah Ya ba su haƙuri. Ya Allah, ta rufa mini asiri alhali ban cancanta ba. Ka rufa mata nata ranar da za mu tsaya a gabanKa.